Maccido Ya Ɗaura wa Surukinsa Tabarau

Idan ka sauka a tashar Jega ka tambayi inda Injiniya yake, ba wanda zai nuna maka ofis. Za a ce ka yi shiru ka kasa kunne, inda ka ji wata murya ta danne ta 'yan kamasho, to can yake. Sunansa na yanka Maccido. Injiniyan kuwa shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya hura wa wata rediyo iska ta baya ta kama magana, kuma tun daga ranar bai sake taɓa wani abu ya tashi ba. Amma a bakinsa ya gyara injin ban-ruwa a Jandutsi ta waya, ya taɓa ba wani matuƙin jirgi shawara, kuma waɗanda suka ƙera wayar hannu sun yi wasu kurakurai da shi kaɗai ya gano. Mutanen tasha sun daɗe da daina musu da shi, sai dai su ce haka ne, su ci gaba da harkarsu.

Abu ɗaya ne bakin ya kasa gyarawa. Matarsa Amatullahi ta tafi gidan iyayenta a Kuberi, can ƙasar Maiyama, haihuwar fari. Ta sauka lafiya, an yi suna, an gama wanka, yarinya har ta fara zama, amma ba a maido masa da iyalinsa ba. Surukinsa Baffa Tamu Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya ya haɗa noma da kiwo, mutumin da ba ya cewa i kuma ba ya cewa a'a. Duk wanda Maccido ya aika, sai ya sha fura ya ƙoshi ya dawo da gaisuwa. Sai a aike na baya-bayan nan tsohon ya saki magana guda. Ya ce ya daɗe yana jin labarin aikin mijin 'yarsa daga bakin mijin 'yarsa, yana so wata rana ya gani da idonsa.

Maganar nan ta hana Maccido sukuni. Duk surutunsa yana son matarsa, ɗaki ya yi masa faɗi, tuwon saye ya gundure shi, kuma yana jin zafin a ce 'yarsa tana girma a hannun wasu. Sai dai aikin da za a nuna ɗin ne babu.

Ana cikin haka Rufa'i, mai shagon gem, wato wasan kwamfuta, a bayan tasha, ya sayo wani sabon abu. Tabarau ne mai kauri kamar ƙaramin akwati, ana ɗaura shi a fuska a haɗa da kwamfuta, sai mutum ya tsinci kansa a cikin gem ɗin tsundum: ga daji, ga garken tumaki, ga kuraye suna kawo hari, kai kuma kana korarsu da kulki. Samari suka yi ta layi kwana biyu, sannan suka fara ƙorafi. Suka ce hoton dishi-dishi yake, mutum ba ya bambance kura da tunkiya sai ta cije shi. Wanda ya sayar wa Rufa'i ya riga ya gaya masa cewa kwamfutar tasa matsakaiciya ce, ya bar saiti a tsakiya, ya rage inuwa, ya ƙara kaifin hoto kaɗan-kaɗan yana dubawa, kuma kowa ya zaunar da tabaran daidai idonsa ya murza ɗan gargaren da ke ƙasa har gani ya daidaita. Rufa'i na cikin maimaita wannan bayani ga samari sai ga Maccido.

Ya saurara da rabin kunne, ya zagaya kwamfutar, hannayensa a baya, ya ƙwanƙwasa ta yadda ake ƙwanƙwasa kankana.

"Wanga ba ciwo na ba, tsoro na," in ji shi. "Tsoro anka koya ma injin ga. Ku ba ni shi, in nig gama da shi sai kun ƙirga gashin hancin kura."

Rufa'i ya ce ai wanda ya sayar masa ya ce a bar shi a tsakiya.

"Tsakiya? Wanda duk yat tsaya tsakiyar hanya, mota ka kwashe shi."

Kafin Rufa'i ya samo amsa, Maccido ya riga ya fita waje ya kira Kuberi. Bai kira surukin kai tsaye ba, don ba a haka. Ya kira wani ƙanen matarsa ya ce a gaya wa Baffa ranar kasuwar Jega mai zuwa ya zo ya ga aiki. Ya ƙara da cewa a taho da Amatullahi da yarinya da kayansu, don kada a yi wahalar tafiya biyu.

A ƙofar shagon akwai Inna Gudiya mai masa, wadda ta san Maccido tun yana yawo ba wando, saboda haka ba ta jin nauyin injiniyancinsa ko kaɗan. Ita ce ta raɗa wa tabaran suna takunkumi. Ita ce kuma kaɗai ta san dalilin da ya sa Maccido ba ya sa shi. Ranar da aka kawo shi ya faki idon mutane ya ɗaura, kura ta farko na leƙowa ya rungume ƙyauren shago yana kiran sunan uwarsa. Tun daga nan yake cewa likita ba ya shan maganin da ya rubuta. Saboda haka duk gyaran da zai yi, sai dai wani ya sa tabaran ya ba shi labari, shi kuma ya ƙaryata labarin.

A cikin kwamfutar akwai wurin saiti: kaifin hoto, inuwa, haske, nisan gani, ƙyallin ruwa, kowanne da ɗan layin da ake ja daga ƙasa zuwa sama. Maccido ya zauna ya ja su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Da ya ga wani layi da bai san ko na mene ne ba, shi ma ya ja shi, ya ce kada ya ji an ware shi. Sannan ya nemi wanda zai gwada.

Aka samu Ɗayyabu, dillalin albasa daga Aliero, ƙaton mutum mai son wasa, wanda ya shigo Jega da lodi ya tsaya ya cika cikinsa da masar Gudiya. Ya ɗaura tabarau ya tsaya cak, ya ce kai, gaskiya hoto ya fito, har yana ganin jijiyar ganye. Maccido ya juyo ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Sai Ɗayyabu ya juya kansa hagu. Dajin ya tsaya yana shawara, sannan ya biyo shi a guje. Ya juya dama, dajin ya tafi hagun da aka bari. Tumaki suka riƙa ɓacewa suna bayyana a wani wuri, kura ta daskare a sama baki buɗe, can kuma sai ga ta a wuyansa. Ɗayyabu ya ce a tsayar da motar zai sauka. Ya fizge tabaran, ya fita yana tangaɗi, ya rungume bishiyar dogon yaro da ke ƙofa, masar da ya ci ta dawo gaba ɗaya a gaban masu saye.

Gudiya ta miƙe da cokalin juya masa a hannu. Ta ce ba ta yarda ba, sai Ɗayyabu ya faɗa da bakinsa cewa ba masarta ba ce, tun kafin magana ta shiga kasuwa. Ɗayyabu ya ɗaga hannu ɗaya ya rantse, ɗayan na riƙe da bishiya. Maccido kuwa ya bayyana wa jama'a cewa hoton ba shi da laifi, ƙwaƙwalwar Ɗayyabu ce tsohon yayi, ba ta iya ɗaukar kaifi irin wannan.

"Injiniya," in ji Gudiya, "wanga takunkumi na jakai na ko na mutane?"

"Inna, wanga abu ya hi ƙarhin tanda."

"Ai ko na gani. Tanda tana sa abinci ciki, naka hidda shi shika yi."

Ba a jima ba kwamfutar ta fara gurnani kamar injin niƙa, bayanta ya yi zafin da ba a iya taɓawa, sannan ta ɗauke ɗif. Rufa'i ya dafe kai. Ga shi washegari dole ya tafi Maiyama ta'aziyyar wani kawunsa, zai kwana biyu. Ya sa Maccido ya yi alkawari a gaban shaidu cewa zai mayar da kowane layi tsakiya, ba zai taɓa komai ba bayan wannan. Maccido ya yi alkawarin da murya mai daɗi, ya karɓi makulli. Abin da ya sa Rufa'i ya ba shi makullin, har yau shi ma yana tambayar kansa.

Motar Maiyama na tashi, Maccido ya yanke hukuncin cewa layukan ba su da laifi, zafi ne matsalar, kuma maganin zafi ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa ganin randa. Ya karɓo buhun albasa a wurin Ɗayyabu, ya tsoma shi a ruwa, ya naɗe kwamfutar da shi. Fankar da ke ciki ta ja iska ta cikin buhun ta feso ta cikin shago. Cikin ɗan lokaci duk samarin da ke ciki suna sharar hawaye, har da waɗanda gem ɗin ƙwallo suka zo bugawa. Masu wucewa suka fara leƙowa suna tambaya ko rasuwa aka yi. Maccido, shi ma ido jawur, ya ce kyan hoto ne ya taɓa zukatansu.

Danshin buhu da gumin fuskoki suka taru suka lulluɓe gilasan tabaran, gani ya ƙara dusashewa. Nan ma bai rasa dabara ba. Ya lura da yadda farantan Gudiya suke ƙyalli, kuma ya san da toka take dirje su. Ya ɗebo toka a murhunta ba tare da ya tambaya ba, ya samo soso, ya zauna ya dirji gilasan ciki da waje har sai da hannunsa ya gaji, ya ɗauraye da ruwan buta. Da ya ga ruwa na ɗiga daga ciki, sai ya yi abin da duk mutumin ƙasar nan yake yi wa abu mai laima, ko albasa ce ko barkono ko katifar yaro: ya shanya. Ya hau benci ya ɗora tabaran a kan kwanon shago, gilasai suna kallon sama, da tsakar rana, ya tafi cin abinci.

Ranar Jega kuwa ba ta san wasa ba. Ta shiga ta gilasan ta tattaru wuri guda ta ƙona allon da ke ciki. Ɗan kabu-kabun da aka lallaba ya gwada da la'asar ya ce shi dai yana ganin wani baƙin abu a tsakiya, duk inda ya juya yana biye da shi, gefe-gefen kuma kamar an ja kaza a kan laka. Maccido ya ce wannan baƙin shi ne saitin kulki, sai manyan injina ke da shi, kuma shi ya fito da shi daga inda aka ɓoye.

Ranar kasuwa da hantsi Rufa'i ya dawo ya tarar da ƙofar shagonsa cike. An fito da kwamfuta waje a kan tebur, har yanzu da buhunta. An shimfiɗa tabarma, an jera benci, an aro lasifikar mai tallan maganin gargajiya. Rufa'i ya kutsa ya ɗauki tabaran ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, ya ce a sallami mutane, a kira masa Maccido bayan shago, kuma kada kowa ya biyo su.

A bayan shago Maccido ya rage murya, abin da ba a saba ji ba.

"Rufa'i, yi man rai. Sun taso tun da sahe. Ɗiyata ba ta san huskata ba, in nid ɗauke ta kuka takai. Bari tsohon ga shi gani, in yaso gobe ka yanka ni."

Rufa'i mutum ne mai taushin zuciya, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Ya yi tsaki, ya ce shi dai babu hannunsa, zai tsaya daga nesa. Kafin ya rufe baki Maccido ya koma gaban lasifika yana sanar da cewa yau za a ga abin da ko a Legas sai manya.

Baffa Tamu ya iso da rawani da malafa a kai, da sandarsa ta kiwo wadda hannu ya goge har tana sheƙi, da dattawa biyu a bayansa. Amatullahi ta zauna can bayan tandar Gudiya da yarinya a cinya, ƙullin kayanta a gefe. Maccido na hango ƙullin nan zuciyarsa ta yi fari. Ya saki lasifika, ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa ya kwashi gaisuwa. Tsohon ya amsa yana kallon wata bishiya. Haka ake yi tsakanin suruki da suruki: ba a haɗa ido, ba a kiran suna, ba a doguwar magana sai ta bakin wani. Aka sa Ɗayyabu ya zama bakin, tunda ya warware.

Nan aka ci karo da matsalar da injiniya bai hango ba. Tabarau sai an zaunar da shi daidai ido, an ɗaure ta ƙeya. Dattijo kuwa ba ya tuɓe rawani a kasuwa, kuma babu mai bakin da zai ce ya tuɓe. Malafar dai ya yarda ya miƙa wa na bayansa. Ɗayyabu ya ce shi ya rantse ba zai sake taɓa takunkumin nan ba. Dole Maccido ya matso a durƙushe, fuska a kauce, ya miƙa hannuwa sama yana lalube yadda ake ɗaura wa doki linzami a duhu. Tabaran ya zauna a kan rawani a karkace, gilashi ɗaya a gira, ɗaya a kunci. Aka miƙa wa tsohon abin riƙewa na gem, ya karɓa da hagu. Sandar tana dama. Kowa ya ga ya kamata a ce ya ajiye ta, kowa kuma ya jira wani ya faɗa.

Aka kunna. Maccido ya ce wa Ɗayyabu a tambayi Baffa ko yana gani. Ɗayyabu ya tambaya.

"Madalla," in ji Baffa Tamu.

Maccido ya ji kamar an ba shi sarauta. Tun da ya fara aikin nan, wannan ne mutum na farko da bai kushe ba. Ya rarrafa wurin kwamfuta ya ƙara hasken tabaran kansa har ƙarshe, ya ce a sake tambaya. Baffa ya ce Alhamdu lillahi. Ya samo wani layi a wani lungu da ya tsallake a baya, ya ja shi. Baffa ya ce ba laifi. Ya ƙure ƙarar da ke kunnuwan tabaran, har na kusa suna jin kukan tumaki. A wannan karon Baffa bai ji tambayar ba, amma da ya ji an taɓa gwiwarsa ya ce madalla.

Jama'a dai suna gani. Gumi ya jiƙa gemun tsohon, ya buɗa ƙafafu ya dogara da sanda, yana lilo gaba da baya a hankali kamar wanda ke tsaye cikin kwalekwale. Dattawan da suka rako shi suka dubi juna. Gudiya ta ɗaga murya ta ce a cire wa bawan Allah takunkumin nan, launinsa ya sauya. Maccido bai ga launin ba, domin ba ya kallon fuskar suruki. Ya ce wa Gudiya ai da kunnenta ta ji madalla, ko tana so ta ce dattijo ƙarya yake yi? Gudiya ta koma kan tandarta, don ba a ƙaryata dattijo.

Sai wata dabara ta faɗo masa. Tunda idon Baffa a rufe yake, kunnensa kuma a toshe, ai kunya ta tafi hutu. Ya miƙe tsaye, ya karkaɗe gwiwa, ya ɗauko lasifika, ya zo ya tsaya dab da tsohon, ya juya masa baya ya fuskanci kasuwa. Ya fara daga rediyon da ya hura wa iska. Ya bi ta kan injin Jandutsi da matuƙin jirgi. Ya ce mutanen Jega ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba, sai ga shi baƙo daga Kuberi ya gane da kallo ɗaya. Ya nuna Ɗayyabu ya ce ga ƙato ya faɗi, ga tsoho yana tsaye, wannan ya isa hujja cewa gyara ya yi. Ya ɗan karkata murya wajen tandar masa, ya ce wasu yau za su kwana a ɗakinsu.

A daidai lokacin kwamfutar, wadda ta daɗe tana nishi a cikin buhu, ta saki duk abin da ta riƙe a lokaci guda. Kurayen da suka maƙale a hanya suka iso tare, da gurnani a cikin kunnen mutumin da ya yi shekaru yana kwana a bakin garke. Baffa Tamu bai yi shawara da kowa ba. Ya yar da abin da ke hagunsa, ya kama sanda da hannu biyu, ya yi wata kuwwa da Fulatanci wadda ta sa shanun da ke can kara, kasuwar dabbobi, suka ɗaga kai.

Bugun farko ya sami tebur, kwamfuta da buhunta suka yi ƙasa. Na biyu ya ɗauke kwanon ƙullun Gudiya ya watsa wa layin gaba. Jama'a suka dare, benci ya kife da mutanen da ke kai, wani mai kaji ya saki kejinsa. Maccido ya ji hayaniya ya ɗauka tafi ake yi masa. Ya juyo da murmushi, baki buɗe, yana cewa, "Kun gani ko, ai ni dama na ce—" Bugu na uku ya same shi a muƙamuƙi, lasifika ta kai ƙarar har bakin tasha.

Da ƙyar dattawan biyu suka riƙe tsohon ta baya, Rufa'i ya zare masa tabaran. Baffa ya tsaya yana ƙifta ido yana haki. Ya ga ƙullu a jikin mutane, ya ga kaji a kan rumfa, sannan ya duba ƙasa ya ga mijin 'yarsa a kwance, baki ya koma gefe guda. A karo na farko tun da aka ɗaura auren ya kalli fuskarsa sosai. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa kansa, ya ja gefen rawani ya rufe baki yana salati.

Aka ɗora Maccido a bayan motar Ɗayyabu, a kan buhunan albasa, aka nufi Aliero wurin masu ɗori. Baffa ya ƙi shiga gaba, ya ce a baya zai zauna kusa da wanda ya jikkata. A hanya Ɗayyabu, wanda ya bar wa direba gaba ya hau baya shi ma, ya kasa haƙuri ya tambayi tsohon abin da ya gani a cikin tabaran tun farko.

"Ban ga komi ba, ɗana. Wani baƙin abu awa gindin tukunya, sai haske shina sukar ido guda, ƙasa tana juyawa."

"To Baffa, mi yah hana ka hwaɗi?"

"Ƙaƙa za ni kunyata mijin ɗiyata gaban mutane?"

Ɗayyabu ya dubi mijin 'yar, wanda ke kwance yana gurnani da baki a karkace bayan rabin kasuwar Jega ta gama kallonsa, ya juya fuska wajen gonaki, kafaɗunsa suna rawa har aka shiga Aliero.

Mai ɗori ya shafa, ya latsa, ya tofa addu'a, ya yi wani ja guda ɗaya wanda ya sa Maccido ya ga taurari da rana tsaka. Ya ce ƙashi ya goce kuma ya ɗan tsage. Ya naɗe shi da farin ƙyalle daga haɓa zuwa tsakar ka, ya ƙulle. Ya ce ba tauna, sai abin sha, kuma ba magana ko ta raɗa har sai shi da kansa ya kwance. Mutanen Jega da suka biyo baya a kan babura suka ce Allah ya ba da lafiya, amma wasu sun tambayi mai ɗorin ko irin wannan ɗaurin yana daɗewa, da wata irin murya mai cike da fata.

Baffa Tamu ya ce hannunsa ya yi ɓarna, gidansa za a yi jinya. Haka Maccido, wanda ya shirya ɗauko matarsa daga Kuberi, aka ɗauke shi aka kai wa matarsa Kuberi, da ƙullin kayanta a kan cinyarsa.

Zaman gidan suruki abin kunya ne ga namiji, kuma ya ji kunyar har cikin ƙashinsa. Amma abin mamaki, zaman ya karɓe shi. Da safe Amatullahi ta dama masa fura da nono mai ruwa-ruwa ya zuƙa ta tsinken kara. Da hantsi a shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, Baffa ya zauna can gefe yana tufkar igiya, su wuni ba wanda ya ce uffan. Yarinyar ta saba da shi, tana hawa jikinsa tana jan ƙullin ƙyallen tana dariya. Maƙwabta da suka zo dubiya suka riƙa fita suna yabo, suna cewa ba su taɓa ganin suruki mai kunya da nutsuwa irin wannan ba, duk abin da aka ce sai ya gyaɗa kai. Har wani ya kawo masa ƙarar rikicin iyakar gona, ya yi bayani ya gama, Maccido ya lumshe ido don ciwo, mutumin ya tafi yana cewa ya gane, haƙuri ake nufi. Rufa'i ma ya zo da niyyar faɗa, da gawar tabaran a cikin leda, ya zazzage duk abin da ke cikinsa ba a katse shi ko sau ɗaya ba, ya koma Jega yana jin wani sanyi da bai taɓa ji ba.

Baffa kuwa ya fara aiko masa da nonon saniyar da ya fi so.

Da sauƙi ya fara samuwa, sai Maccido ya fara motsi. Ya samo tsinke yana zane a ƙasa: layuka a jere, kowanne da ɗan ɗigo a can ƙarshensa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kama masa riga, ya nuna wani layi guda a ƙasan sauran, ya ja tsinke a kansa har ƙarshe, ya buga ƙirji yana gurnani ta hanci. Ko makaho ya gane nufinsa: akwai saura layi ɗaya da bai ja ba, da an bar shi ya ja, da hoto ya fito. Baffa Tamu ya ɗaga kai daga igiyarsa ya daɗe yana kallon zanen. A ranar kuma saƙo ya zo daga Aliero cewa lokacin kwance ɗauri ya kusa.

Tsohon ya shiga cikin gida ya ce a haɗa wa Amatullahi kayanta, da buhun gero da kwaryar man shanu da tunkiya guda ta yarinya. Ya aika aka kira Ɗayyabu da motarsa. Ɗayyabu ya yi mamaki, ya ce ai da an bari an kwance shi tukuna, ya yi godiya da bakinsa yadda ya kamata.

"A'a, kwashe su yau," in ji Baffa. "Yaron ga na yarda da shi, mutumin kirki na, na ba shi iyalinai da zuciya guda. Amma in anka kwance bakin ga shina gidan ga, ni na san halina."

Aka sa su a gaban mota. Maccido ya rungume 'yarsa, ido ya ciko da hawayen murna, ƙirji ya cika da jawabin da yake so ya yi wa mutanen Kuberi, haɓarsa na ta motsi a cikin ƙyalle har ƙullin ya fara sassautawa. Amatullahi ta dube shi da tausayi, ta ce sannu Injiniya, ɗaurinka ya kwance. Ta miƙa hannu ta gyara masa, ta ƙara ja kaɗan, ta yi ƙulli biyu.